Ƙaramar Bindiga Tsakanin Bariki da Tsakar Gida: Nazari Daga Ƙasar Haɗejiya

Shirin faɗakarwa na wannan mako, wanda aka tsara domin masu sauraro na cikin birnin Haɗejiya da na garuruwan fadama, tun daga Auyo da Kafin Hausa har zuwa Kiri Kasamma da Guri, zai yi nazari ne a kan ƙaramar bindiga, wato wadda ake riƙewa a hannu a harba ba tare da an kafa gindinta a kafaɗa ba, kuma zai kwatanta aikin da take yi a hannun soja da aikin da wasu magidanta suke zaton za ta yi musu idan ɓarayi ko masu garkuwa da mutane suka faɗo musu da dare. Dalilin ɗauko maganar a fili yake, domin tun da matsalar 'yan bindiga ta yi kamari a Zamfara da Katsina da wasu sassan Kaduna da Sakkwato, batun mallakar makami don kare kai ya tashi daga majalisun hira ya shiga bakin masu mulki. A shekarar 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'arsa da su tashi su kare kansu, sannan a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta ba da sanarwar cewa mutane su nemi lasisin riƙe bindiga, abin da Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin yi. Jigawa tana cikin jihohin da wannan bala'i bai yi wa irin waccan ɓarna ba, amma labarin tsoro ba ya tsayawa a kan iyakar jiha, kuma ɗan kasuwar da ya dawo daga cinikin shinkafa ko riɗi ko kifi da kuɗi a jikinsa yana da haƙƙin a ba shi bayani na gaskiya kafin wani ya ruɗe shi ya sayar masa da abin da zai kai shi kurkuku ko ya kai ɗansa kushewa.

Ƙananan bindigogi iri biyu ne a dunƙule. Na farko shi ne libarba, wadda take da ɗan gangan ƙarfe mai ramuka biyar ko shida a tsakiyarta, kowane rami yana ɗauke da harsashi ɗaya, kuma gangan yana juyawa ya kawo sabon harsashi saitin bututu duk lokacin da za a sake harbi. Ba'amurke Samuel Colt ne ya yi rajistar ƙirar da ta yaɗa wannan iri a shekarar 1836. Na biyu shi ne fistol mai ɗana kanta, wadda harsasanta suke jere a cikin wani siririn gida da ake turawa cikin mariƙinta, kuma ƙarfin tashin albarushi ne yake tura murfinta na sama baya, ya fitar da kwanson da aka harba, sannan ya ɗauko wani harsashin ya ajiye shi a bakin bututu. Ana auna girman harsashi da faɗinsa, shi ya sa ake jin ana cewa bindiga mai milimita 9, wanda shi ne ma'aunin da Georg Luger ya fito da shi a Jamus a farkon ƙarni na 20, kuma har yau shi ne aka fi amfani da shi a ƙananan bindigogin sojoji da 'yan sanda a duniya. Libarba ba ta da rikitarwa kuma ba ta cika sarƙewa ba, amma harsasanta kaɗan ne kuma sake cika ta yana cin lokaci, alhali fistol ta zamani galibi tana ɗaukar harsasai ninkin na libarba ko fiye, sai dai tana buƙatar wanda ya san ta sosai. A nan akwai abin da ya kamata kowane mai sauraro ya riƙe ko da bai taɓa taɓa bindiga ba: idan aka zare gidan harsashi daga fistol, harsashi ɗaya yana iya kasancewa a cikin bututu a ɗane, kuma rashin sanin wannan ya sa mutane da yawa a duniya sun harbe 'yan uwansu da bindigar da suka tabbata babu komai a cikinta.

Idan aka waiwayi tarihin sojojin duniya za a ga cewa ƙaramar bindiga ta daɗe a jikin soja, amma ba ta taɓa zama makamin da ake cin yaƙi da shi ba. Sojojin Birtaniya sun karɓi libarba ƙirar Webley a 1887, kuma ita ce hafsoshinsu suke ratayawa a zamanin da suka ci ƙasar Hausa. Sojojin Amurka sun karɓi fistol ƙirar John Moses Browning a 1911, mai ɗaukar harsasai 7 masu kauri, suka riƙe ta fiye da shekara 70 kafin su maye gurbinta da Beretta ta Italiya mai harsasai 15 a 1985, sannan suka sake canjawa zuwa SIG Sauer a 2017. A Beljiyam kamfanin FN ya fito da Browning Hi-Power a 1935, mai harsasai 13, wadda ta bazu a rundunonin ƙasashe masu yawa, ciki har da na ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka, kuma kamfanin ƙera makamai na Najeriya, DICON, wanda aka kafa a Kaduna a 1964, ya ƙera irinta. A 1982 sojojin Ostiriya suka karɓi Glock 17, wadda aka yi gangar jikinta da roba mai tauri maimakon ƙarfe, take ɗaukar harsasai 17, kuma ita ce sojojin Birtaniya suka koma wa a 2013. Duk waɗannan canje-canje suna nuna abin da runduna take nema: bindigar da za ta jure ƙura da taɓo da ruwa, wadda harsashinta ya yi daidai da na ƙawayen ƙasar domin a iya musanyawa a fagen daga, wadda za a saya dubu-dubai da kayan gyaranta a farashi mai sauƙi, kuma wadda kurtu zai iya koyon warware ta da haɗa ta cikin ɗan lokaci.

Duk da haka, matsayinta a rundunar soja na biyu ne. Nisan da ake sa ran fistol za ta sami abin da aka saita bai wuce mita 50 ba, kuma ko wannan sai a hannun gwani, alhali doguwar bindiga irin AK-47 tana aiki a nisan kimanin mita 300. Saboda haka ake ba da fistol ga hafsoshi, waɗanda aikinsu na farko ba da umarni ne, da matuƙan jiragen yaƙi da masu aiki cikin tankar yaƙi, waɗanda ba su da wurin ajiye doguwar bindiga, da 'yan sandan soja da masu gadin manya. Sojan ƙasa da yake fuskantar abokin gaba da doguwar bindiga yake dogara, kuma idan har ya kai ga zaro fistol, to al'amari ya riga ya lalace, ko dai babbar ta sarƙe, ko harsashinta ya ƙare, ko abokin gaba ya iso gab da shi.

Tarihin Haɗejiya kansa ya isa shaida a kan wannan. A ƙarni na 19 ƙarfin masarautar, musamman a zamanin Sarki Buhari wanda ya yi wa Sakkwato tawaye kuma ya rasu a yaƙin Gogaram a 1863, ya dogara ne a kan dawakai da lifidi da mashi da takobi da kwari da baka, da kuma ganuwar birni. Bindigogi suna shigowa ƙasar Hausa ta hanyar Sahara da ta hanyar kudu, Sarkin Damagaram Tanimu ya tara su har ya sa an ƙera masa igwa a Zinder, kuma Rabeh ya ci Borno a 1893 da mayaƙa masu bindigogi da horo irin na soja, amma Turawa sun riga sun ƙulla yarjejeniyar Brussels ta 1890 wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan yankin Afirka, domin kada masarautu su sami abin da za su kara da su. Ranar 25 ga Afrilu 1906, rundunar Birtaniya ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta shiga Haɗejiya, aka gwabza a cikin gari, Sarki Muhammadu, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Shahada, ya rasu tare da mutanensa masu yawa. Jarumtar Haɗejawa a wannan rana abu ne da ba a musu a kansa, kuma abin da ya rinjaye su shi ne igwa da bindiga mai ruwa ƙirar Maxim da sahun sojoji masu dogayen bindigogi da suke harbi bisa umarni ɗaya. Libarbar da take ƙugun hafsa ba ita ce ta yanke hukuncin yaƙin ba.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan kwatance, kuma wanda masu tallar bindiga ba su cika ambata ba, shi ne tsarin da yake kewaye da bindigar soja. Fistol ɗin hafsa ba tasa ba ce, ta gwamnati ce, tana da lamba a jikinta da suna a littafin ma'ajiyar makamai, ana sa hannu a karɓe ta a sa hannu a mayar da ita, ana ƙirga harsasan da aka fita da su da waɗanda aka dawo da su, kuma wanda ya harba ko ɗaya sai ya yi bayanin dalili. Kafin a ba shi ita an horar da shi a filin koyon harbi, an koya masa ƙa'idojin da suka faɗi lokacin da ya halatta a harba da lokacin da bai halatta ba, akwai na gaba da shi da zai tsawatar masa, akwai kotun soja da za ta hukunta shi, kuma idan ya tashi daga aiki makamin yana kwana a ɗaki mai ƙofar ƙarfe da mai gadi, nesa da matarsa da 'ya'yansa. Ko da wannan tsari duka, makamai suna salwanta, domin rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa makamai da harsasai kimanin 178,000 na rundunar 'yan sandan Najeriya ba a san inda suke ba, ciki har da AK-47 fiye da 88,000. Idan ma'ajiyar da take da littafi da makulli da mai gadi tana yoyo haka, mai hankali zai iya auna abin da zai sami bindigar da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa.

A ƙasashen da doka ta yarda mutum ya ajiye ƙaramar bindiga a gida, musamman Amurka inda Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan haƙƙi a shari'ar Heller ta 2008, masu koyar da harbi suna cewa buƙatar mai gida ta sha bamban da ta soja. Mai gida ba ya neman nisa, domin duk abin da zai faru tsakanin ƙofa da gado ne, kuma ba ya neman bindigar da za ta jure taɓon fagen daga. Yana neman wadda zai iya sarrafawa yana cikin magagin barci da firgici, wadda bugun da take yi da baya idan ta tashi bai fi ƙarfin hannunsa ba, wadda harsashinta ba zai huda bango ya sami na ɗaki na gaba ba, kuma wadda za a kulle ta yadda yaro ba zai kai gare ta ba amma mai ita zai iya kai hannu cikin ƙiftawar ido. Sharuɗɗan biyu na ƙarshe suna karo da juna, kuma har yau ba a sami hanyar da ta warware wannan karo gaba ɗaya ba: bindigar da take kusa da hannun uba tana kusa da hannun ɗa, wadda kuma aka kulle da kyau ba ta da amfani a lokacin da ɓarawo ya riga ya tsaya a kan mutum. Ko a harsashi ma hanyoyin biyu sun rabu, domin sanarwar Hague ta 1899 ta hana sojoji amfani da harsashin da yake buɗewa cikin jiki a yaƙi tsakanin ƙasashe, don haka harsashin soja mai rufin ƙarfe ne wanda yake ratsa abin da ya sama ya wuce. Harsashin da yake yawo a kasuwar bayan fage a yankin Sahel galibi daga rumbunan soja ya fito, ma'ana shi ne ainihin irin da ya fi haɗari a cikin gida.

Yanzu sai a kawo wannan bayani cikin gidan Bahaɗeje. Gidan gargajiya a wannan yanki yana farawa da zaure, a wuce shigifa, a shiga tsakar gida inda ɗakunan mata da turakar mai gida da madafi da turken dabbobi suke kewaye da fili ɗaya, kuma sau da yawa gidan gandu ne, inda uba da 'ya'yansa masu aure da jikoki suke zaune a sassa daban-daban da katanga ɗaya ta kewaye. A lokacin bazara mafi yawan mutanen gida a waje suke kwana saboda zafi. A ƙauyukan fadama da bukkokin masunta da rugagen makiyaya abin da ya raba gida da gida zana ce ko dangar kara ko langa-langa, waɗanda babu ɗayansu da zai tare harsashi, kuma ko bulon siminti mai rami ba abin dogaro ba ne. Sannan mutanen da suke shiga irin wannan gida da dare suna da yawa kuma kusan dukkansu na gida ne: saurayin da ya dawo daga hira, ɗan da ya je ban ruwa a gonar rani ko ya dawo daga duba koma, almajirin da yake kwana a zaure, maƙwabciyar da ta zo neman taimako saboda naƙuda. Soja a bakin daga yana da alkiblar da ya san abokin gaba yake, kuma yana da kalmar sirri da yake tambayar mai tahowa. Mai gida a cikin duhu, ga rashin wutar lantarki, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ko'ina ya juya bakin bindiga akwai ɗakin wani nasa a bayan abin da ya saita.

Akwai kuma wani al'amari da ya keɓanta da wannan yanki. Kogin Haɗejiya, wanda madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suka canja yanayin gudunsa, kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da dama, yana yin ambaliyar da take tayar da garuruwa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, lokacin da iyalai suka kwashe kayansu a kwale-kwale suka koma makarantu da gidajen 'yan uwa a kan tudu. A irin wannan hali babu akwatin ƙarfe mai makulli, babu ɗakin da mutum zai ce nasa ne shi kaɗai, yara na gidaje goma suna wasa cikin ƙullin kaya, kuma makamin da aka ɓoye shekara da shekaru a nan yake fitowa fili.

Game da abin da bincike ya nuna, ƙasar da ta fi kowa tara alƙaluma ita ce Amurka, domin ita ce ta fi kowa yawan bindigogi a hannun farar hula, kimanin miliyan 393 bisa ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey ta Jiniba na 2018, wadda ta ƙiyasta na Najeriya a kimanin miliyan 6. Binciken da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga a 1993 ya gano cewa gidan da aka ajiye bindiga ya fi gidan da babu haɗarin a yi kisa a cikinsa da kusan ninki uku, kuma mafi yawan wannan ƙarin haɗari daga 'yan uwa da makusanta yake fitowa. An yi muhawara mai tsawo a kan wannan bincike, kuma adalci ne a faɗi cewa akwai mutanen da bindiga ta tsirar da su daga maharan gaske. Amma alƙaluman hukuma sun nuna cewa cikin mutum fiye da 48,000 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su ne suka harbe kansu. Birtaniya ta bi wata hanyar dabam, domin bayan wani mutum ya shiga makarantar firamare a Dunblane ta Sikotilan a watan Maris 1996 da ƙananan bindigogi masu lasisi ya kashe yara 16 da malamarsu, majalisar ƙasar ta haramta wa farar hula mallakar kusan duk wata ƙaramar bindiga a 1997.

Dokar Najeriya ta daɗe da yanke nata hukuncin. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda suka haɗa da igwa da roka da gurneti da bindiga mai jigida da dogayen bindigogin soja, kuma a cikin wannan kashi ne dokar ta sa libarba da fistol kowace iri, har da na gargajiya masu ɗure, ta ce babu mai riƙe su sai da lasisin da Shugaban Ƙasa kaɗai yake bayarwa. Kashi na biyu su ne bindigogin amfanin kai, irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne dogayen bindigogin ɗure, wato bindigar toka da mafarauta suke amfani da ita kuma ake jin ƙararta a hawan Sallah, waɗanda al'amarinsu yake hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da amincewar gwamna. Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tayar da hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba da izini ba ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, kuma ƙera bindiga ba da izini ba ma babban laifi ne, abin da ya kamata maƙeran yankin su sani idan wani ya zo musu da kuɗi da zane. Ko ƙofar kashi na biyu ma ta ƙuntata, domin a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da sabon lasisi. Saboda haka duk wanda ya zo wa manomi ko ɗan kasuwa da fistol yana cewa daga baya za a nemo mata takarda, yaudararsa yake yi.

Dalilin tsananin da dokar ta yi wa ƙaramar bindiga, har ta sa ta sahu ɗaya da igwa alhali ba ta kai bindigar farauta ƙarfi ba, shi ne ɓoyuwarta. Doguwar bindiga tana tona asirin mai ita daga nesa, amma fistol tana shiga aljihun babbar riga ta shiga kasuwa da masallaci da gidan biki da taron siyasa ba tare da kowa ya sani ba. Wannan siffa ita ce ta sa ta dace da hafsa da mai gadin manya, kuma ita ce ta sa ta dace da ɗan fashi, amma mai gida da yake cikin gidansa ba shi da abin da zai amfana da ita. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun fahimci wannan haɗari tun kafin rushewar Libiya a 2011 ta malalo makamai cikin Sahel, shi ya sa suka sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai a Abuja a 2006, kuma Najeriya ta kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ga jihar da take da iyaka da Nijar da babbar kasuwar ƙasa da ƙasa irin ta Maigatari, wannan batu na cikin gida ne.

Wannan duka ba ya nufin an hana mutum kare kansa. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya daga farmakin da ba na halal ba, kundin dokokin laifuka na Arewa ya tanadi haƙƙin kare kai tare da sharaɗin kada a yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar take buƙata, kuma malaman fiƙihun Malikiyya, a babin tunkuɗe mai farmaki, sun ce a fara da gargaɗi idan da hali, sannan a bi daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani. Hadisai kuma sun hana Musulmi nuna ɗan uwansa da makami ko da wasa, saboda abin da hannu yake iya yi ba da niyya ba. Ƙaramar bindiga ba ta da matakai irin waɗanda malamai suka shimfiɗa, domin tsakanin nuna ta da kisa babu abin da ya rage sai jan kunama.

Wurin da wannan ya fi tayar da hankali a ƙasar Haɗejiya shi ne rikicin manoma da makiyaya. A kowace kaka, lokacin da garkunan shanu suke gangarowa fadamar Guri da Kiri Kasamma da dajin Baturiya kafin a gama kwashe amfanin gona, ana samun arangama a kan burtali da mashaya, an yi asarar rayuka, kuma gwamnatin jiha ta kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya saboda wannan. Makaman da aka fi ambata a waɗannan rigingimu su ne sanda da adda da kwari da baka, waɗanda duk da muninsu suna barin lokacin da dattijo zai shiga tsakani, mai unguwa ya iso, ko wanda aka ji wa rauni ya kai asibiti. Abin da ya faru a Zamfara ya nuna yadda faɗan gona da shanu yake rikiɗewa idan kowane ɓangare ya ce zai sayi bindiga don kare kansa, har aka kai matsayin da masu makamin suka fi ƙarfin iyayensu da sarakunansu. Tsaron da ƙauyukan fadama suka daɗe suna dogara a kai na tarayya ne: 'yan sintiri da mafarautan da hukuma ta sani, al'adar kai baƙo wurin mai unguwa kafin a ba shi masauki, ihun da yake tayar da unguwa gaba ɗaya, da wayar salula da take kai labari ofishin 'yan sanda da gidan dagaci kafin mahara su fita gari. Ɗan kasuwa kuma yana rage haɗarinsa ƙwarai idan ya bar kwana da tsabar kuɗi ya koma tura su ta banki.

Saura tambayar da take yawan tasowa a gidajen tsofaffin mafarauta da tsofaffin sojoji, wato makomar bindigar da mutum ya mutu ya bari. Lasisi na mutum ɗaya ne kuma na bindiga ɗaya, ba a gadonsa kamar gona ko gida. Dokar 1959 ta ba wanda kayan mamacin suke hannunsa kwana 14 kacal daga ranar rasuwa ya riƙe bindigar da take da lasisi, bayan haka sai dai a miƙa ta ga 'yan sanda ko magajin ya nemi nasa lasisin idan tana cikin irin da ake ba wa izini, kuma mai lasisin da bindigarsa ta ɓace ko aka sace wajibi ne ya sanar da hukuma. Wanda ya tarar da ƙaramar bindiga a cikin kayan mamaci, ko ya tsince ta a gona ko a bakin kogi bayan ruwa ya janye, kada ya ɗauke ta yana jujjuyawa ko ya gwada kunamarta don ya ga ko tana aiki, sai ya nisantar da yara daga wurin, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su kuma su kira jami'an 'yan sanda na yankin su zo su ɗauka da kansu a gaban shaidu.